Wutar da ke cin bindiga daga ciki

Bututun bindigar raifal irin wadda ake gasar harbin nesa da ita ba ya yin aikin da ya kai sakan 10 a duk tsawon rayuwarsa. Lissafin ba shi da wuya. Daga lokacin da albarushi ya kama wuta zuwa lokacin da kan harsashi ya fice daga bakin bindiga, abin da ke wucewa bai fi kashi ɗaya ko ɗaya da rabi cikin dubu na sakan guda ba. Bututun da ya harba harsashi 5,000 kafin saitinsa ya fara yawo, masu gasa kan ce ya yi tsawon rai. Idan aka tara waɗannan 'yan ƙiftawar ido guda 5,000, za a samu sakan 5 zuwa 8. Sauran shekarun duk a rataye ko a jingine ya yi su.

To mene ne ke iya cinye ƙarfe mai tauri haka cikin 'yan sakanni? Yawancin mutane za su ce gogar harsashi ce. Da haka ne, da bakin bindiga ne zai fara lalacewa, domin a nan harsashi ya fi gudu. Amma duk maƙerin bindigar da ya taɓa zura madubin leƙe cikin tsohon bututu ya san ba haka abin yake ba. Can gaba sumul yake, kamar bai taɓa aiki ba. Ɓarnar tana baya, a 'yan santimitocin farko da ke gaban mazaunin harsashi, wurin da masu sana'ar ke kira maƙogwaro. A nan ne tsagar da aka yi wa cikin bututu, mai tudu da kwari tana murɗewa don ta sa harsashi ya riƙa juyawa, take farawa. A nan ne kuma wuta ke fara sauka.

Darasin da Ingila ta saya da tsada

A 1888 sojojin Birtaniya suka karɓi sabuwar bindiga mai suna Lee-Metford. James Paris Lee ne ya tsara sashen ɗuri da gidan harsasai, William Ellis Metford kuma ya tsara tsagar cikin bututu. Tsagar Metford guda bakwai ce, ba ta da zurfi, gefunanta a zagaye suke ba kaifi. Da gangan ya yi ta haka. A lokacin da baƙin albarushi ake harbi, irin na gawayi da farar wuta, wanda fiye da rabin nauyinsa ke zama dauɗa bayan ya ƙone. Tsaga mai zurfi da kusurwa takan tara wannan dauɗa, marar zurfi kuwa harsashi na gaba ke share ta. Dabara ce mai kyau ga zamaninta, sai dai zamanin nata ya riga ya zo ƙarshe.

Tun 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi daga audugar da aka jiƙa da sinadari, wadda ake kira naitiroselulos, kuma Faransa ta fito da bindigar Lebel a 1886 don amfani da shi. Alfred Nobel ya biyo baya da nasa, wanda ya haɗa da naitirogilisarin. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka samar wa Birtaniya nata, mai suna kodayit, wanda ake murzawa zare-zare. Samfurin farko na kodayit kashi 58 cikin ɗari naitirogilisarin ne, kashi 37 audugar sinadari, kashi 5 man basilin. Ƙarfi kam ba a magana. Hayaƙi ya ɓace, harsashi ya ƙara gudu, soja ya daina tona asirin maɓoyarsa da farin gajimare. Amma harshen wutarsa ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma cikin ɗan lokaci rahotanni suka fara zuwa cewa bututun Lee-Metford ba ya kai harbi 6,000 tsagarsa ta shafe daga baya.

Magani biyu aka yi, kuma har yau su ne hanyoyi biyun da ake bi. Na farko, aka canza bututun: masana'antar gwamnati ta Enfield ta fito da tsaga biyar masu zurfi da kusurwa, waɗanda wuta za ta daɗe tana ci kafin ta gama da su. Daga nan aka samu Lee-Enfield a 1895, bindigar da ta yi yaƙin duniya biyu, ta kuma daɗe a hannun sojoji da 'yan sandan ƙasashen da Ingila ta mulka, har da Nijeriya. Na biyu, aka canza albarushin: a farkon ƙarni na 20 aka rage naitirogilisarin zuwa kashi 30, aka ɗaga audugar zuwa kashi 65. Wutar ta yi sauƙi, manyan igwa suka ƙara kwana, amma sai da aka ƙara kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyin ɗuri kafin a samu gudun da ake samu a da.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Albarushin raifal na zamani yana ƙonewa a zafin da ke tsakanin digiri 2,500 da 3,000, wani ma ya wuce. Ƙarfen bututu kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,450. Abin da ya hana bututu zama ruwa a harbin farko shi ne gajartar lokaci. Wutar ba ta samun sukunin shiga can ciki. Fatar sama kawai take dama, wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba. Wannan fata kan iya haura digiri 1,000 nan take, sannan ƙarfen da ke bayanta, wanda yake da sanyi, ya zuƙe zafin cikin gaggawa.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga irin wannan. Maƙeri kan sa wuƙa a wuta har ta yi ja, ya tsoma ta a ruwa don ta yi tauri, kuma ya san idan ya wuce gona da iri taurin zai koma gautsi, bakin ya riƙa ɓantarewa. Ƙarfe yana sauya tsarin cikinsa da zarar ya wuce digiri 727 ko kusa da haka, idan kuma ya huce da sauri sai ya daskare a wani tsari mai tauri da gautsi. Maƙeri sau ɗaya yake yi wa wuƙa wannan horo. Maƙogwaron bindiga kuwa kowane harbi sai an yi masa. Fatar ta kumbura don zafi, ƙarfen baya ya hana ta miƙewa, ta huce ta tsuke, a sake, a sake. Bayan 'yan ɗaruruwan harbi sai ƙananan tsagu su bayyana, suna haɗuwa da juna gida-gida. Da zarar sun bayyana, iskar gas mai gudu ta samu wurin kamawa, kan harsashi kuma ya riƙa ɓantarar gefunan yana tafiya da su.

Ba zafi kaɗai ke aiki ba. Iskar da albarushi ke fitarwa cike take da kabon da haidirojin da tururin ruwa da naitirojin. A irin wannan zafi da matsi, kabon yakan kutsa cikin fatar ƙarfen ya haɗu da ita, abin da suka haifa kuma yana narkewa ne tun a wajen digiri 1,150, ƙasa da ƙarfen asali da kusan digiri 300. Wato wutar takan fara sauya ƙarfen zuwa abin da za ta iya narkarwa, sannan ta wanke shi. Masu binciken ƙarfe idan suka yanka tsohon bututu suka duba a madubin ƙara girma, sukan ga wani siririn farin layi a saman, shi ne wannan fata da ta sauya hali. Haidirojin ma yana shiga cikin tsagun yana ƙara musu gautsi. Naitirojin ne kaɗai a cikin taron ba ya cikin masu ɓarna sosai, kuma za mu ga yadda aka ci moriyar hakan.

Sakamakon duk wannan shi ne farkon tudun tsaga yana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa gaba. Kan harsashi, wanda a da yake kama tsaga kusan nan take, yanzu sai ya yi tsalle a fili kafin ya same ta, wani lokaci ya shige ta a karkace. Gas ya riƙa sulalewa ta gefensa. Gudun harsashi ya ragu, ya kuma daina zama iri ɗaya daga harbi zuwa harbi. Bututu ba ya mutuwa rana ɗaya. Maharbi zai fara ganin harsashi ɗaya cikin goma ya kauce ba dalili, sai ya zargi iska, ya zargi idonsa, ya zargi madubin saiti. Sai abin ya zama biyu cikin goma.

Matsi

Hukumar SAAMI a Amurka da takwararta CIP a Turai su ke ƙayyade iyakar matsin kowane irin harsashi na farar hula. Na .308 Winchester, ɗan'uwan harsashin 7.62 na ƙungiyar NATO, iyakarsa a Amurka fam 62,000 ce a kan kowane murabba'in inci, wato sama da tan 4 a kan kowane murabba'in santimita. Wannan matsi yana kai ƙololuwa ne tun kan harsashi bai yi nisan da ya wuce 'yan santimitoci ba. Daga nan fili ya riƙa ƙaruwa a bayansa, gas ya buɗe, matsi da zafi su sauka tare. Shi ya sa baya ke ƙonewa gaba na hutawa.

Matsi da kansa ba ya kankare ƙarfe. Aikinsa shi ne buɗe wa zafi ƙofa. Gas ɗin da aka matse ya fi kauri, gas mai kauri kuma ya fi saurin zuba zafinsa a jikin abin da ya taɓa. Matsi yana kuma ɗan buɗa bututun a kowane harbi kafin ya koma, wannan numfashi kuwa yana wangale tsagun yana tura gas cikinsu. Sannan akwai halin albarushi marar hayaƙi, cewa gwargwadon matsin da yake ciki gwargwadon saurin ƙonewarsa, don haka ƙarin ɗuri kaɗan a kusa da iyaka kan ɗaga matsi fiye da yadda ya ɗaga gudu. Wanda ya dage sai ya tatso 'yan mitoci na ƙarshe daga harsashinsa yana biyan kuɗi mai yawa a kan riba kaɗan, domin zaizaya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafi. Zafin fatar ƙarfe ya ƙaru kaɗan, zaizaya ta yi tsalle.

Yanayi ma yana da hannu. Albarushin da ya sha rana ya fi saurin kamawa, matsinsa ya fi hawa. Turawan da suka riƙa farautar giwa da ɓauna a Afirka da Indiya sun gano haka da kodayit, shi ya sa kamfanonin Landan suka riƙa yi musu harsasai masu manyan kwanso da matsi mai sauƙi, irin .416 Rigby na 1911, don kada zafin rana ya sa kwanso ya maƙale a daidai lokacin da dabba ta taso. Harsashin da aka auna a sanyin Turai, idan ya wuni a cikin mota a bazarar Sakkwato ko Damagaram, ba shi ne wanda aka auna ba.

Yawan albarushi da faɗin rami

Idan aka tambaye ni abu ɗaya da ya fi kowanne tasiri, ba sunan albarushin zan ambata ba. Zan ce a dubi yawansa, a kwatanta da faɗin ramin da zai bi.

Misali mafi sauƙi yana cikin gida ɗaya. Kamfanin Winchester ya fito da .308 a 1952. Bayan shekara uku, a 1955, ya ɗauki kwanson nan bai canza komai ba sai wuyansa da ya tsuke don ya riƙe ƙaramin kan harsashi na milimita 6, ya kira shi .243. Albarushin da kowannensu ke ci ya kusa giram 3. Iyakar matsinsu ma kusan ɗaya ce. Amma faɗin ramin .243 bai wuce kashi 62 cikin ɗari na ramin .308 ba. Wuta iri ɗaya, ƙofa ta ragu da fiye da sulusi. Masu gasar harbi kan samu harbi 5,000 ko fiye daga bututun .308, amma na .243 da wuya ya wuce 2,000 yana riƙe da irin saitin da gasa ke bukata.

Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne .220 Swift, wanda Winchester ya fitar a 1935. Shi ne harsashin kasuwa na farko da ya haura ƙafa 4,000 a sakan, wato sama da mita 1,200. Mutane suka yi rububinsa don harbin ƙananan dabbobi daga nesa, suna harbi ba ƙaƙƙautawa da ƙarfen wancan zamani, sai labari ya bazu cewa yana ƙona bututu. Wani ɓangare na zargin gaskiya ne, wani kuma laifin masu harbin ne, amma sunan ya riga ya ɓaci, kuma a 1964 kamfanin ya daina sa shi a bindigoginsa. Irin wannan ƙaddara ta samu .264 Winchester Magnum, wanda 7mm Remington Magnum na 1962 ya ture a kasuwa. A ɗaya gefen kuma akwai ƙaramin harsashin .22 na koyon harbi: albarushinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, matsinsa bai kai rabin na .308 ba, kansa dalma ce mai taushi da aka shafa wa maiƙo. Bututunsa kan yi dubun-dubatar harbi, a gaje shi daga kaka zuwa jika.

Wane albarushi ne ya fi sauƙi?

Gaba ɗaya albarushi marar hayaƙi gida uku ne. Akwai mai tushe ɗaya, naitiroselulos zalla. Akwai mai tushe biyu, wanda aka ƙara wa naitirogilisarin don ƙarfi. Kamfanin Vihtavuori na ƙasar Finland, alal misali, yana sayar da duka biyun, jerin N100 mai tushe ɗaya da jerin N500 mai ƙarin naitirogilisarin, wanda ke ba da ƙarin gudu da ƙarin zafi. Na uku shi ne na manyan igwa, wanda aka haɗa da naitirogwanidin. Wannan sinadari yana fitar da naitirojin mai yawa, yana sanyaya harshen wuta, yana kuma rage walƙiyar bakin igwa. Birtaniya ta yi amfani da shi sosai a yaƙin duniya na biyu, tana samo sinadarin daga Kanada.

Da wannan sai mutum ya ce magana ta ƙare, a guji mai tushe biyu. Ba ta ƙare ba. A 1933 Fred Olsen ya ƙirƙiro albarushi mai ƙwayoyi zagayayyu a kamfanin Western Cartridge. Mai tushe biyu ne, amma ana lulluɓe kowace ƙwaya da wani sinadari mai rage saurin kamawa, don haka farkon ƙonewarsa, wanda shi ne rabon maƙogwaro, ba ya da zafin da ake tsammani. Masu yin sa sun daɗe suna tallata shi da cewa yana tausaya wa bututu, ga araha, ga jure ajiya. Akwai kuma wani abin da ke rikita lissafi: albarushi mai ƙonewa a hankali, wanda manyan kwanso ke bukata, ana zuba shi da yawa ne, kuma yana daɗewa yana hura wuta a maƙogwaro. Ko da harshensa ya fi sanyi, tsawon lokacin da yawan gas ɗin kan cinye ribar.

Abin da ya samu bindigar sojojin Amurka M16 a yaƙin Biyetnam ya isa gargaɗi ga mai tunanin albarushi abu ne da ake musanyawa kamar man girki. Eugene Stoner ya tsara bindigar a kan wani albarushin kamfanin DuPont mai suna IMR 4475. Da aka kasa samar da shi da yawa a kan gudun da sojoji suka gindaya ba tare da matsi ya wuce iyaka ba, sai a 1964 aka koma ga mai zagayayyun ƙwayoyi na kamfanin Olin, WC846. A takarda ya cika sharaɗi. A fagen daga kuwa ya bar matsi mai yawa a daidai ƙofar da gas ke bi ya juya sassan bindigar, saurin harbi ya wuce abin da aka tsara, dauɗa ta yi yawa. Ga shi ba a shafe mazaunin harsashi da kuromiyam ba, laimar daji ta sa ya yi tsatsa, kwanso ya riƙa maƙalewa a tsakiyar faɗa, sojoji suka mutu da bindiga a hannu. Kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya bincika, ya fitar da rahoto mai zafi a 1967. Aka gyara sashen da ke tare komawar ƙarfen ɗuri, aka shafe mazaunin da kuromiyam, daga baya aka shafe bututun gaba ɗaya.

Yatsan da ke kan kunama

A ganina muhawarar da maharba ke yi kan wane kamfani ne albarushinsa ya fi sanyi ta fi ƙarfin amfaninta. Bambancin da ke tsakanin albarushi biyu masu dacewa da harsashi ɗaya ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin da ke tsakanin maharba biyu. Kowane harbi yana ɗora zafinsa ne a kan wanda ya tarar. Idan bututu yana da sanyi, fatar ta hau ta sauko. Idan ya riga ya ɗauki digiri 300, daga nan za ta fara hawa, ƙarfen baya kuma ya yi laushi, ba ya zuƙe zafin da sauri. Harbi 30 a jere cikin minti guda ya fi harbi 30 a cikin wuni ɓarna nesa ba kusa ba. Mafaraucin da ke harbi biyu ko uku a fita ɗaya zai iya tsufa da bututunsa ko da .243 ne. Tsohuwar ƙa'idar masu gasa ita ce, idan ba za ka iya riƙe bututu da tafin hannu ba, to ka ajiye shi ya sha iska.

Soja ba shi da wannan zaɓi, shi ya sa tarihin bindiga mai jigida kusan tarihin yaƙi da zafi ne. Hiram Maxim ya sa bututun bindigarsa ta 1884 cikin tulun ruwa. Irinta ce dakarun Ingila na Lugga suka girke a gaban ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, da kuma Sakkwato a watan Maris. Ƙanwarta Vickers tana ɗaukar ruwa kimanin lita 4, wanda ke tafasa bayan harbi kusan 600 a jere. Muddin akwai ruwa, jikin bututun ta waje ba zai wuce zafin tafasa da yawa ba, kuma da haka bututu ɗaya kan kai harbi wajen 10,000. Jamusawa a yaƙin duniya na biyu suka bi wata hanya. Bindigarsu MG42 tana aman harsashi kusan 1,200 a minti, ba ruwa, amma an tsara ta yadda za a buɗe gefe a zare bututu mai zafi a zura wani cikin 'yan sakanni, kuma umarnin shi ne a canza bayan harbi kimanin 150 na gaggawa. Amurkawa kuma suka sa wa bayan bututun bindigoginsu M2 da M60 wata riga ta ciki da ake kira Stellite, haɗin kobal da kuromiyam da Elwood Haynes ya ƙirƙiro, wanda ba ya laushi ko ya yi ja.

A manyan igwa ne abin ya kai maƙura. Igwar da Jamus ta yi wa birnin Paris ruwan wuta da ita daga nisan kusan kilomita 120 a 1918 tana da bututu mai tsawon mita 34, harsashinta na fita da gudun sama da mita 1,600 a sakan. Kowane harbi yana cin cikin bututun har a iya aunawa. Saboda haka kamfanin Krupp ya yi harsasan da lamba a jere, kowanne ya ɗara na gabansa kauri kaɗan, kuma dole a harba su bi da bi. Bayan harbi 65 sai a mayar da bututun masana'anta a ƙara masa faɗi. Igwar inci 16 ta jiragen yaƙin Amurka samfurin Iowa kuwa an ƙiyasta rayuwarta a kan harbi 290 a lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga baya aka riƙa sa wa buhunan albarushinta wani haɗin kakin zuma da farin garin titaniyam da aka samo dabararsa daga Suwidin, wanda ke shimfiɗa siririn labule tsakanin wuta da ƙarfe, zaizayar ta ragu ƙwarai.

Tsatsa daban, zaizaya daban

Akwai ɓarnar da ake ɗora wa wuta alhali ba ita ba ce. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke duka ya ba da tartsatsi, yana barin wani gishiri a cikin bututu. Gishirin ya jawo laima, bututu ya yi tsatsa ko da an shafa masa mai. Sai a 1922 Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ya tabbatar da musabbabin. Maganin kuwa ruwa ne, shi ya sa sojan Birtaniya ke ɗura tafasasshen ruwa ta mazurari a bututun Lee-Enfield. Jafan ta shafe cikin bindigarta samfurin 99 da kuromiyam tun 1939, Tarayyar Sobiyat ma ta yi wa Kalashnikov haka. Kuromiyam yana narkewa ne a sama da digiri 1,800, don haka yana tare tsatsa yana kuma tare wuta, sai dai da wuya a shimfiɗa shi daidai wa daida, abin da ya sa masu gasa suka fi son ƙarfe marar tsatsa tsirara, su haƙura da gajeren kwana.

Bindigar toka ta mafarautanmu da ta 'yan bindigar sarki a hawan salla tana wannan ɓangaren ne. Ba ta da tsaga, matsinta kaɗan ne, wutar baƙin albarushi kuma ba ta kai ta lashe ƙarfe ba. Abin da ke kashe ta dauɗar da aka bari ta kwana ce, mai tsotsar laima tana cin bututu daga ciki har ya yi siriri ba a sani ba. Haɗari mafi girma kuwa shi ne a farke harsashin zamani a juye albarushinsa a cikinta. Ƙarfen da aka yi yawancinsu da shi ba a ƙera shi don ɗaukar irin wannan matsi ba, kuma idan ya fashe a hannu da fuskar mai harbi yake fashewa.

Ga raifal ta zamani, idan maƙogwaro ya ƙone, maƙerin bindiga kan yanke 'yan santimitoci daga baya, ya sake fafe mazaunin harsashi a ƙarfe mai lafiya, bututun ya ƙara ɗan kwana. In ba haka ba a kwance shi a ɗaura sabo. Sojoji kan zura wani ma'aunin ƙarfe mai lamba ta baya, gwargwadon nisan da ya shige gwargwadon abin da wuta ta ci.

Duk da abin da aka sani, ba a daina neman ƙarin matsi ba. A watan Afrilun 2022 sojojin ƙasa na Amurka suka zaɓi bindigar kamfanin SIG Sauer da sabon harsashi mai milimita 6.8, don su iya huda sulken zamani daga nesa. Bututun bindigar gajere ne, inci 13 kacal, don haka gudun da tsawo bai bayar ba dole a nemo shi daga matsi. Samfurin farar hula na harsashin, .277 Fury, SAAMI ta amince masa da fam 80,000 a kan murabba'in inci, sama da tan 5 da rabi a kan murabba'in santimita, matsin da tagulla kaɗai ba za ta ɗauka ba, sai da aka yi wa kwanson gindin ƙarfe. Ɗan sauƙin da bututun ya samu ta wani gefe ya zo: harsashin ya fi wanda ya maye gurbinsa nauyi, gidan harsasan bindigar na cin 20 maimakon 30, kuma yawan harsasan da soja ke ɗauka ya sauko daga 210 zuwa 140.